Kwaɗin Dutse a Randar Aurena

Ranar da muka dawo daga jana'izar babanku, ke Hannatu kina zaune cikin mata masu gaisuwa, kina ba su labarinsa, kina dariya kina share hawaye. Ina bakin ƙofar ɗaki na ji kin ce:

"Baba ai akwai zuciya. Faɗansa da mai gida ne fa ya sa aka tashe mu daga gidan da aka haife mu a Sabon Gari."

Matan suka yi dariya, suka yi masa addu'a. Ni kuwa na san ba haka aka yi ba. Shi ya sa na sayi wannan littafi na zauna da biro, don ke da ƙaninki Iliya ku karanta ku san gaskiya. Babanku bai yi faɗa da kowa ba. Ni ce na jawo mana tashin nan, ni da kwaɗi guda tara.

A wancan lokaci ni mai shara ce a wani sashen bincike a Samaru, inda ake nazarin dabbobi. Kullum da sassafe in shiga bas daga Sabon Gari, in share ofisoshi, in wanke kwalabe, in goge tebura, ba ruwana da abin da ke cikin kwalaben. Akwai ɗaki ɗaya a ƙarshen baranda da ya fi ko'ina sanyi, na'urar sanyaya ɗaki tana kunne a ciki dare da rana. Ɗakin Dakta Rabi ne, wata doguwar mata mai yawo da takalmin roba irin na masu aikin fadama, ko da ofis za ta shiga. Ranar da na fara leƙawa na ga abin da ake yi wa wannan gata, raina ya ɓaci, kuma kun san ni, ba na iya riƙe magana a ciki.

"Dakta, mutane suna narkewa a waje, kwaɗo ne zai sha sanyi?"

Ta yi dariya, ta ce, "Mama Asabe, ajiye tsintsiyar ki zo ki gani."

Na matsa kusa da akwatin gilashin. Ba irin kwaɗin lambatunmu ba ne masu ƙuraje da kumburin ciki. Ƙanana ne, kowanne bai wuce kan babban yatsana ba, bayansu baƙi-baƙi mai sheƙi, cikinsu da ɗigo-ɗigon ja kamar an yarfa musu manja. Ta ce daga tsaunin Mambila ta sauko da su, kuma duk duniya a bakin rafi ɗaya ake samunsu, cikin kurmi ɗaya. Shanu suna tattake bakin rafin, manoma suna sare kurmin suna cinna wuta, ruwan yana raguwa yana ɗumi. Ta kawo tara ne don su hayayyafa a nan, in an samu an killace kurmin sai a mayar da 'ya'yansu gida.

"In waɗannan suka mutu, kurmin kuma ya tafi, shi ke nan," in ji ta. "Kamar ba a taɓa halittarsu ba."

Wannan maganar ce ta kama ni. Na sha ganin mutuwa, amma ban taɓa tunanin wani abu zai iya ƙarewa gaba ɗaya ba, har a rasa wanda zai gaje shi. Daga ranar na zama mai ba su abinci. Ta koya mini yadda ake kama musu gara, da yadda ake ajiye ruɓaɓɓiyar ayaba a kwalba ta tara ƙananan ƙudaje. Ta gargaɗe ni kada sabulu ya taɓa su, kada ruwan famfo ya taɓa su, sai ruwan sama da take tarawa a jarka. Ina aiki tana ba ni labarin dutsen. Wai can girgije yana shigowa ta ƙofa ya ratsa ɗaki ya fita ta taga. Wai mutane suna jin ɗumin wuta da tsakar rana a watan da mu muke kwana a tsakar gida saboda zafi. Wai in ka shanya zane sai ya kwana uku bai bushe ba. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, sai in tsaya da tsumma a hannu ina saurare har ruwan bokiti ya huce. Na tambaye ta yaya kukansu yake, don ban taɓa jin sun yi ba. Ta ɗauki cokalin shayi ta taɓa jikin kwalba a hankali, sau biyu, sau uku. Ta ce haka yake, amma tun da aka sauko da su ba su sake buɗe baki ba.

Da bazara ta kama, Dakta ta koma dutsen don ta zauna da dagatai da ardo a kan maganar killace kurmin. Ta ce mako uku za ta yi. Ba ta cika mako guda da tafiya ba aka shiga yajin aiki. Aka ce kowa ya kwashe nasa, za a kashe wuta a rufe gini, ba a san ranar buɗewa ba. Wayar hannu ta fara shigowa lokacin, amma inda take babu sabis ko kaɗan. Na tsaya a ɗakin nan ina jin sanyin yana fita a hankali, mai gadi yana kaɗa makullai a baranda yana kirana. Ban yi shawara da kowa ba. Na juye tuwon ranata daga kular abinci zuwa leda, na wanke kular da ruwan sama, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar gansakuka a ciki, na ɗebe su ɗaya bayan ɗaya. Na rungumo kular a cinya cikin bas, jarkar ruwa a tsakanin ƙafafuna. Wani ɗalibi da ke kusa da ni har yana tsokanata wai Mama a buɗe mana mu ɗanɗana.

Babanku yana gyaran keke a bakin titi a lokacin. Da ya shigo ya tarar na buɗe kula a tsakar ɗaki, ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Maman Hannatu, waɗannan kuma baƙi ne ko 'yan gida?"

"Baƙi ne. Zafi zai kashe su in ban yi dabara ba."

"To, a nemo dabarar," in ji shi, ya cire takalmi.

Dabarar ta kakata ce, yadda take ajiye tumatir da goro su yi kwanaki ba su yaushi ba. Muka kwashe ruwan sha daga randar aurena, wadda mahaifiyata ta saya mini, muka jera duwatsu a ciki da ɗan ruwa a gindi. Babanku ya samo rabin duro ya cika da yashi, muka dasa randar a tsakiya, muka jiƙa yashin sharkaf, muka lulluɓe da buhun algarara, muka ɗaure bakin da guntun gidan sauro. Muka tura ta lungun ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Sau biyar a yini nake zuba wa yashin ruwa. In ka zura hannu cikin randar sai ka ji wata ƙasa daban. Ke Hannatu kina makarantar kwana a lokacin, Iliya kuma shekararsa huɗu, an ce masa dodo ne a lungun, bai taɓa zuwa kusa ba.

Kwanakin nan har yau ban san yadda zan kwatanta su ba. Ba aiki, gari ya yi tsit da tsakar rana, kwanon rufi yana ƙara don zafi, awaki sun lafe a jikin bango. Sai in zauna a ƙasa in jingina kumatuna da jikin randar. Barci ba barci ba, ido biyu ba ido biyu ba, sai in gan ni ina hawa wata hanya mai ciyawa har gwiwa, raɓa tana jiƙa mini zane. In ga girgije ya sauko ya tsaya a gabana kamar saniyar da ta san ni. In ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin bishiyoyi, in bi ta, in yi ta bi, kullum saura kaɗan in isa rafin sai Iliya ya ja mini hannu yana neman ruwa, ko mai kalanzir ya yi kira a waje. Na je dutsen nan ya fi sau talatin ban bar lungun ɗakina ba.

Sai ruwan jarkar ya ƙare. Rijiyar gidanmu ta yi ƙasa sosai, guga sai ya fito da jan ruwa mai laka. Na dube shi na ce ba zan ba baƙi wannan ba, abin kunya ne. Na yi abin da uwata take yi, abin da kowace mace a unguwar take yi, na jefa alif. Ruwa ya kwanta ya yi garau, har ina yaba wa kaina. Na canza musu da yamma. Washegari na ɗaga gidan sauron na tarar uku sun mimmiƙe a kan dutse, cikinsu a sama, jan ɗigon ya koɗe. Dakta ta hana sabulu, ta hana famfo, amma ba ta ambaci alif ba, don bai zo mata a rai ba. Ni kuma ban taɓa ɗaukar alif a matsayin wani abu ba, ai tsafta ce. Na yi kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Babanku ya ɗaure jarkoki biyu a bayan keke ya tafi wani rafi can bayan Samaru. Daga ranar kullum sai ya je kafin ya buɗe wurin aikinsa, mu bar ruwan ya kwana biyu ya kwanta da kansa.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada. Na kasa jefa gawarwakin a bola. Ni na kashe su, kuma sun zo daga nesa. Na yagi farin ƙyalle, ragowar shafin riga, na naɗe su, na fita da sassafe kafin mutane su fito. Ƙasa duk ta bushe ta yi tauri, wuri ɗaya ne mai laushi a gidan, gindin gwabar nan da ke kusa da rijiya, inda aka binne cibiyarki. Na tona, na sa su, na rufe, na tsaya na ɗan yi addu'a. Ban san Saraya tana kallona ta taga ba.

Kin tuna Saraya, maman ƙawarki Lami. Ɗakinta yana kallon namu. Tare muke zuwa zumuntar mata, gishiri ɗaya muke ci, ita ta riƙe ni ranar haihuwar Iliya. Jaririnta ya yi mako yana gudawa a lokacin, ta rame don rashin barci. Ki sa kanki a matsayinta. Ta ga mace ta fito da sassafe tana waige-waige, ta binne abu cikin farin ƙyalle a bakin rijiyar da kowa ke sha, tana motsa baki. Kafin hantsi ta tone. Ta zo ƙofata da ƙyallen a tafin hannu, gida duk ya biyo ta, Kirista da Musulmi, ranar kam bakinsu ya zo ɗaya.

"Asabe, me na yi miki?" in ji Saraya. "Me ɗana ya yi miki?"

Na yi bayani iya bayani. Na ce na ofis ne, na ce daga dutse aka kawo su, na ce saura kaɗan su ƙare a duniya. Ni kaina da nake faɗa na ji yadda maganar take fita kamar ta mai taɓin hankali. Wani daga baya ya ce, wato gwamnati ce ta ba ki ajiyar kwaɗi? Aka kwashe da dariya, amma ba dariyar daɗi ba. Wa zai yi mini shaida? Ofis a rufe, Dakta tana cikin girgije.

Bayan la'asar Alhaji mai gidan ya zo. Dattijon kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya shiga ɗakinmu da sallama, ya leƙa randar, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya fito tsakar gida ya yi magana a gaban kowa.

"Ni dai zuciyata ta ba ni ba mugun abu ba ne. Amma gida ɗaya ne, rijiya ɗaya ce, kuma hankalin mutane ya tashi. Maman Hannatu, ki fito da su ki zubar a lambatu kowa yana gani, magana ta mutu. In kuma ba za ki iya ba, ku nemi wani wuri kafin ƙarshen wata."

Babanku ya ce, "Alhaji, in muka kai su wani gida fa?"

"Za a ce ta ɓoye ne, Bulus. Sai an gani da ido."

Na koma ɗaki na durƙusa gaban randar. Shekara goma sha huɗu muna gidan nan. Na san kowane tsagi a bangonsa, na san wace tukunya ce ta wa daga ƙarar murfinta. Na ce wa kaina, Asabe, kwaɗi ne fa, kwaɗi. Na kwance gidan sauron da niyyar in gama da abin. Sai ɗaya ya hau kan dutse ya tsaya, maƙogwaronsa yana bugawa da sauri-sauri, yana kallon sama inda hasken ya shigo. Lambatun ƙofar gidanmu ruwan wanke-wanke ne mai zafi da kumfar omo, ko minti biyar ba za su yi ba. Na riga na kashe uku da hannuna. Na mayar da gidan sauron na ɗaure, na fito, na kalli babanku na girgiza kai.

Ku ji abin da mutumin da ake ce wa mai zuciya ya yi. Ya cire hularsa, ya rusuna, ya ce:

"Alhaji, mun gode da zaman shekaru. Allah ya saka da alheri. Za mu tashi."

Iyakar faɗan ke nan.

Muka samu ɗaki ɗaya a gefen unguwar Jama'a, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Muka tashi da sanyin safiya, kaya a amalanke, Iliya yana barci a kan katifa, ni ina tafe a gefe ina riƙe da bakin randar kada ta girgiza. Ba wanda ya fito ya yi mana sai wata rana. Duk da lallaɓawar, ɗaya bai kai ba, suka rage biyar. Bayan mako guda muka ji jaririn Saraya ya warke. Na gode wa Allah da zuciya ɗaya, amma na san abin da za a ce, kuma an faɗa. Majami'a ma sai da muka canza.

Ruwan farko ya sauko ne da la'asar. Tun azahar gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, babanku ya rufe aiki ya dawo da gudu yana jera kwanoni da bokitai a bakin indararo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, gari ya yi shiru, sai ɗigon da ke sauka daga rufi. Muna zaune a ƙasa, ƙofa a buɗe, sanyi yana shigowa. Sai na ji an taɓa cokali a jikin kwalba. Na duba, ba kowa kusa da kwanuka. Aka sake, sau biyu, sau uku, daga lungu. Wani ya amsa masa. Babanku ya kama hannuna, abin da bai saba yi ba ko muna mu biyu.

"Ashe da gaske suna magana," ya ce a hankali.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Tururi yana tashi daga gonaki yana shigowa ta ƙofa fari-fari, kuma na rantse muku a ranar na isa rafin nan da nake ta bi a mafarki. Babanku ma ya je, na gani a fuskarsa.

Dakta Rabi ta dawo bayan kwana goma, ta rame, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da ita a can. Ta tarar da gini a rufe, ta riga ta yi kukansu ta gama. Mai gadi ne ya ce mata ya ga na fita da kula. Ta bi mu da tambaya har Jama'a. Da ta leƙa randar ta ƙirga biyar, sai ta zauna daɓas a ƙasa da takalmin robarta ta rufe fuska da gyale. Da ta ji abin da ya faru ta tafi wurin Alhaji da kanta da takardu. Ya karɓe ta da mutunci, ya ce ya ji daɗi, amma an riga an ba wasu ɗakin. Saraya ba ta fito ba. Ba da daɗewa ba suka koma Kaduna, ban sake ganinta ba, kuma har yau ina kewarta.

Da aka janye yajin aiki aka mayar da biyar ɗin nan ɗakin sanyi, suka yi ƙwai. Bayan damina biyu Dakta ta mayar da 'ya'yansu kurmin, wanda mutanen wurin suka yarda aka kewaye da shinge, aka yi wa shanu mashaya a ƙasa. Ta ce in zo mu je tare. Na ce a'a, nawa dutsen ya ishe ni. Takan ce har yanzu ba za a ce sun tsira ba, wata shekara a ji su da yawa, wata shekara kaɗan. Bara ta turo mini muryarsu a waya. Ita ce ƙarar da kika ji babanku yana sa ni in kunna masa a asibiti, kika ce wace irin waƙa ce wannan ba kiɗa.

Saura maganarki, Hannatu. Da hutunki ya zo an riga an kwashe su, randa ta koma ta ruwan sha. Babanku ya tare ki a tasha ya kawo ki sabon ɗaki. Kika ajiye akwati kika duba hagu da dama, ba gwaba, ba Lami, kika tambaya me ya faru. Na buɗe baki zan faɗa, ya riga ni.

"Ni na yi faɗa da mai gida. Kada ki sake zuwa gidan nan."

Kin yi kusan shekara ba kya zama inda yake. In ya kawo miki tsaraba sai ki ba Iliya. Duk yana gani. Na same shi a bayan ɗaki yana ɗaure jarka, na ce don me zai ɗauki abin da ba nasa ba.

"Maman Hannatu, in aka ce uban yarinya mafaɗaci ne, dariya za a yi. In aka ce uwarta tana binne abu a bakin rijiya, har gidan mijinta maganar za ta bi ta. Bar ni da shi."

Na bar shi da shi. Da farko don ke, daga baya don kunya, daga baya kuma don shekaru sun taru a kai na rasa ta inda zan fara. Wannan laifina ne, ya fi na alif girma. Ba na nadamar kwaɗin, ko yau aka sake ba ni zaɓi ba zan zubar ba. Abin da nake nadama shi ne na bari ya tafi kabari kina ce masa mai zuciya.

Ba na so ki yi kuka. Abin da nake so, ran da za a taru don cikarsa shekara, in mata suka zauna ana ba da labarinsa, ki gyara naki. Ki ce musu mutum ne da ya yi wata biyu yana tuƙa keke da jarka biyu saboda kwaɗin da ba nasa ba, ya cire hula ya yi godiya ranar da aka tashe shi. Randar tana bayan ƙofa, taki ce in na tafi. Har yanzu tana sanyaya ruwa. Kada dai ki sa mata alif.